Tayar hunturu ko ta duk shekara? Ga abin da Winnipeg ta koya mini

Ƙanena, ka tambaye ni wacce za ka saya tsakanin tayar hunturu da ta duk shekara: sayi tayar hunturu, guda huɗu cif. Kada wani ya ce maka biyu a gaba sun wadatar, bayan motar ne zai riƙa wulwulawa da kai a kwana.

Shekarata ta farko a nan Winnipeg, a lardin Manitoba na Kanada, rowa ta sa na zauna da tayar duk shekara da na tarar a jikin motar. Wata safiya a watan Disamba na taka birki a danja, mota ta ce ba ta san zancen ba, muka yi ta sulalewa a hankali ina ta salati har muka nutse cikin tudun dusar ƙanƙara. Kuɗin mai jan mota da gyaran bamba sun kusa sayen taya biyu. Ba zan ce tayar duk shekara ba ta da amfani ba: daga Mayu zuwa Satumba tana aikinta. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Matsalar daga robar take. Da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 sai ta fara sandarewa, mu kuwa a Janairu digiri 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne. Ita ta hunturu robarta na nan da laushi, ga ƙananan tsage-tsage a jikinta da ke cafke ƙanƙara. Kuma ka sani, idan sanyi ya kai haka gishirin da ake zubawa a titi ba ya narkar da komai, yashi ake watsawa, saura kuma kai da tayarka.

Tawa ta shiga hunturu na huɗu yanzu. Ran da na san kuɗina bai faɗi ba, muna dawowa daga masallacin Waverley bayan isha'i, da maiɗakina da yara a baya, wata mota ta juya ta tare mana hanya. Na danna birki, muka tsaya cak da sauran tazara. Maiɗakin da ta yi mini mita a kan kuɗin, tun daga ranar ita ke tuna mini da Oktoba ta kama in je a sauya. Ka kama layi da wuri, domin ranar da dusa ta fara zuba kowane gareji cika yake.

Ka duba gefen tayar, sai ka ga hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusa a ciki. Rubutun M+S (wato taɓo da dusa) kaɗai bai mai da ita ta hunturu ba. A lardin Kwibek sa tayar hunturu doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Manitoba ba a tilasta ba, amma hukumar inshorar lardin, MPI, tana ba da bashin sayenta a biya kaɗan-kaɗan.

Sai ka yi hattara da masu tallar ta hannu a intanet. Kowa cewa yake “hunturu ɗaya kawai ta yi”. Su wanke, su shafa mai ta yi ƙyalli, alhali ta shekara goma a ɗakin ajiya. Nemi lambar DOT a gefenta ka karanta huɗun ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida bar masa abarsa, haka mai faci a gefe ko wadda zanenta ya suɗe. Wanda ya ce ka tura kafin alƙalami tun ba ka gani ba, toshe shi kawai.

In aljihu ya yarda, haɗa da rim na ƙarfe mai araha, sauyin zai zo maka da sauƙi. Ka cire tayoyin a Afrilu, zafin kwalta cinye su yake yi.