Haddar Kalmomi ko Karatun Labari: Wane Lesin Ya Fi Wa Ɗan Aji Huɗu?

Hajiya, tambayarki ta shafi iyaye da yawa a cikinmu, shi ya sa na ga gara in amsa a fili. Kin ce yaronki yana aji huɗu na firamare, yana karatun Turanci ba gargada, amma da an rufe littafi an ce ya faɗi abin da ya karanta sai ya yi zuru. Kin ce akwai malaman lesin biyu a layinku a Tudun Wada ta Kaduna. Ɗaya yana ba yara kalmomi ashirin duk mako su haddace da ma'anarsu, ranar Asabar a yi shifta. Ɗayar kuwa labari take karantawa da su, su tsaya suna ta magana a kansa, har kina ganin kamar hira ce kawai. Kuɗin guda kike da shi. Ni dai na ce ki kai shi wajen mai labarin, amma mai haddar ma yana da inda ya fi ta, kuma daga nan zan fara.

Mu da muka taso da allo ba ma raina hadda. Rubutun Turanci ba ya bin furuci kamar namu na boko, inda abin da ka ji shi za ka rubuta. Dole sai yaro ya riƙe surar kalma da ka, kuma shifta ce ke gyara wannan. Jarrabawar shiga sakandare, irin wadda NECO ke shiryawa domin kwalejojin tarayya, ba ta rasa tambayoyin kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyi, kuma yaron da ya sha hadda yakan kwashe makin nan da sauri. Haka kalmomin lissafi da kimiyya, waɗanda ma'anarsu ɗaya ce ba ta motsi. Ga shi kuma ke uwa kina ganin aikin kuɗinki da idonki: sha takwas bisa ashirin da jan biro. Mai labari ba ta da irin wannan shaidar da za ta nuna miki a ƙarshen mako.

Sai dai makin Asabar ba ya nuna abin da zai rage a kan yaro bayan wata guda. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada hadda a kan kansa, ya nuna cewa mafi yawan abin da aka haddace a kwanakin farko yake zubewa, sai fa in ana komawa kansa jefi-jefi. Malaman tsangaya sun san haka, shi ya sa ake tilawa. Jerin kalmomin da ake canzawa duk mako ba a waiwayar na baya hadda ce ba tilawa.

Babbar matsalar ma ba mantuwa ba ce. Kalma ba ta zama ita kaɗai, maƙwabtanta ne ke ba ta ma'ana. A jerin malam, "ci" ma'anarta sa abinci a baki. To yaron da aka ce masa wane ya ci kasuwa, ya ci bashi, ya ci jarrabawa, ya ci amanar abokinsa, ina zai sa waccan ma'anar? Turanci ma cike yake da irin wannan, kuma daidai nan ne yaranmu ke faɗuwa a auna fahimta. Ki gwada shi yau da Hausar da ya tashi da ita. Ki ce masa, "Ruwa ya ƙare wa ɗan kada." Ya san ruwa, ya san ƙarewa, ya san kada, wataƙila ma ya taɓa ganinsa a wurin shaƙatawa na Gamji. In bai taɓa jin an faɗe ta ga mutumin da dabara ta ƙare masa ba, tunaninsa kogin Kaduna zai tafi. Duk kalmomin yana da su, jimlar ce ta fi ƙarfinsa. Wanda ya haddace sunayen unguwannin garin nan a takarda, ba shi ke nan zai iya kai kansa daga Kawo zuwa Barnawa ba.

Adon harshe ma haka yake. Mai jeri zai sa yaro ya rera cewa kamantawa ita ce gwada abu da abu ta amfani da "kamar" ko "tamkar" ko "sai ka ce", siffantawa kuwa a ce kai tsaye wane zaki ne, mutuntarwa a ba abin da ba mutum ba halin mutum, kambamawa a zuzuta abu ya wuce kima. Yaro zai kawo su daidai. A ba shi shafi a ce ya nuna inda marubuci ya yi mutuntarwa, zai wuce "yunwa ta sallama masa" bai ko tsaya ba.

Ga yadda darasin labari yake in malama ta san aikinta. A ce an karanta wannan: "Da yarinyar ta hango mahaifinta a ƙofar makaranta riƙe da takardar sakamako, sai jikinta ya yi sanyi, ta sunkuyar da kai." Malama za ta fara da mai sauƙi: wa ta hango? Amsar tana kwance a shafi, kowa zai ɗaga hannu. Sai ta ce, me ya sa jikinta ya yi sanyi? Wani zai ce hunturu ake yi. Ba za ta ce masa bai yi daidai ba, za ta ce ya nuna mata inda aka ambaci hunturu. Ya duba, babu. Wata ta ce ai tsoro ne, ba ta ci jarrabawar ba. Malama ta ce, a ina kika ga haka? Ta nuna takardar sakamako da sunkuyar da kai. A minti biyar yaran nan sun koyi cewa sanyi ba na iska kaɗai ba ne, sun koyi haɗa alamu biyu su fitar da abin da marubuci bai faɗa ba, sun kuma koyi cewa ra'ayi sai da hujja daga shafi. Abin da kike gani kamar hira ke nan, kuma shi ne abin da yaronki ya rasa.

A 1986 wasu masana biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana fahimtar karatu da lissafin sau: iya haɗa baƙaƙe sau fahimtar harshen. In ɗaya ya zama sifili, sakamakon sifili ne komai girman ɗayan. Yaronki ya sami na farko. Kuma ba banza ba abin ya fito a aji huɗu, domin a nan ne littattafai ke daina koya wa yaro karatu su fara sa shi ya yi karatu don ya koyi wani abu. Kada ki ɗauka dakiki ne. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Hanyar labari ma tana da nata raunin. Tana da jinkiri, tana iya barin rubutun yaro da kurakurai, kuma gaba ɗayanta a wuyan malama take. Kowa zai iya rubuta kalmomi ashirin a allo, amma ba kowa ya iya tambayar da za ta sa yaro tunani ba. Ba mu manta 2017 ba, lokacin da gwamnatin jihar nan ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba a jarrabawar 'yan aji huɗu. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka yi gwajin, amma iyaye sun ɗauki darasi: sunan hanya ba ya koyarwa, malami ne ke koyarwa. Don haka ki nemi izini ki zauna a lesin ɗin rana guda. Ki lura ko yaran ne ke riƙe da littafi ko ita kaɗai ke karatu suna kallo. Ki lura wa ya fi magana, ita ko su. Ki duba littafin ma. Masu binciken koyon harshe na biyu sun nuna cewa sai mai karatu ya san kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi da kansa. In a kowane layi yaronki yana tuntuɓe, littafin ya yi masa nauyi, a sauko.

Akwai abin da ya fi damuna, wato makarantun da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa. Ki roƙi malamar ta bar shi ya ba da labarin da Hausa tukuna in Turancin ya maƙale. In ya iya ba da shi da Hausa, to ya fahimta, bakin Turanci ne bai buɗe ba, kuma wannan ciwo ne daban mai magani daban. A Ile-Ife daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarabanci duk shekaru shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Rabon mai hadda kuwa ke ma za ki iya ɗauke shi a gida kyauta. Ki saya masa ƙaramin littafin rubutu. Duk labarin da suka karanta ya ciro kalmomi biyar, ba ashirin ba, ya rubuta kowace da jimlar da ya same ta a ciki, sannan ya ƙirƙiri tasa jimlar. Bayan Magariba ki yi masa shiftar minti goma, kina cakuɗa na makon nan da na watan jiya. In kakarsa na kusa, ki tura shi wajenta. "Baba na ɗaka gemu na waje", "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya": yaron da ya gano hayaƙi da tsintsiya da kansa ya riga ya yi siffantawa tun kafin a gaya masa sunanta. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a shekarun 1930 har yanzu ana samunsa wajen masu sayar da littattafai. Zai yi masa nauyi shi kaɗai, amma ki karanta masa ki riƙa tsayawa kina tambayarsa me yake ganin zai faru gaba.

Wuri biyu ne shawarata za ta canza. In da yana aji shida jarrabawa saura wata biyu, da na ce mai hadda, domin lokacin ginin a hankali ya ƙure. Ƙaninsa kuwa, in har yanzu yana kokawa da haɗa baƙi da wasali, kada ki kai shi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Wanda zai zauna da shi a kan sautin haruffa yake buƙata. Allah Ya yi musu albarka, Ya buɗe ƙwaƙwalwa.