Ƙwan LED mai fanka na Suame Magazine: motar da yake wa amfani da wadda yake ɓatawa

Duk wanda ya shiga layin masu kayan wutar mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, ya ce fitilarsa ba ta haske, kafin ya rufe baki an miƙo masa kwalin ƙwan LED, farin nan mai 'yar fanka a gindi. Yaron shago zai ɗana shi a batir, haske ya kashe maka ido da rana tsaka, ya ce, "Masta, ka gani da idonka." Ka gani ɗin, amma a hannu. Abin da ƙwan zai zuba a kan kwalta tsakanin Techiman da Kintampo da ƙarfe biyun dare wani abu ne daban.

Yana da nasa alherin. Ƙwan halojin, wato ƙwan mota na gargajiya mai zare a ciki, mai wat 55 yana jan wuta wajen amfiya huɗu da rabi, LED kuwa galibi bai kai haka ba, don haka soket da wayoyi suna samun sauƙi. Ba shi da siririn zaren nan da ramukan hanya ke tsinkawa. Lambobin jikin kwali ne dai ba abin dogaro ba. Halojin na asali mai lamba H4 yana ba da lumen, wato ma'aunin haske, wajen 1,000 a dim, 1,650 a ful, kwali kuwa sai ya yi maka alƙawarin dubu ashirin. Kada ka sayi ƙwai don wannan lambar.

Matsalar tana cikin gidan fitilar. Madubin da ke bayan ƙwai an ƙera shi ne don ya tattara haske daga wuri ɗaya tak, daidai inda zaren halojin yake zama. Ɗauki H4 ka duba da kyau: zare biyu ne, kuma ƙarƙashin na dim akwai wani ɗan kofin ƙarfe kamar farce. Shi ne ke yanke hasken ya kwanta ƙasa. LED mai araha, musamman mai fuska uku ko huɗu, ƙwayoyinsa sun fi zaren kauri kuma ba su zauna a wurin ba. Sai hasken ya watse sama, ya haska rassan itatuwa da allunan talla, gaban bamba ya yi fari fat, nesa kuwa duhu. Direba yana jin daɗin farin da ke kusa, alhali wannan farin ne ke ƙanƙance masa ƙwayar ido har ya kasa hango mai babur ko lorin katako da ta lalace a gefen hanya. Wanda ke tahowa kuma an makantar da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, rai ne.

A tasi irin Picanto, i10 da Vitz masu H4 da madubi a fili, hukuncinmu shi ne a bar LED mai araha. Halojin mai wat 60/55 na Osram ko Philips, in na gaske ne, ya fi shi kai haske nesa. A motar da ke da ƙwallon gilashi a cikin fitila, wato furojekta, LED mai fuska biyu sirara yana yin aiki, domin akwai farantin da ke yanke hasken a ciki. Sharaɗi: ƙwayoyin su kalli hagu da dama, ba sama da ƙasa ba.

Sai zancen fanka. Gindin ƙwan yakan yi tsawo har murfin robar bayan fitila ya ƙi rufuwa, yara su jefar da murfin. Daga nan ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta a madubi, damina ta zo gilashi ya yi gumi daga ciki. Fankar ma ƙura ke kashe ta, in ta tsaya ƙwan ya yi zafi ya dushe a hankali ba tare da ka lura ba. In murfi bai rufu ba, a nemo mai zurfi. A motocin Jamus kuma LED kan yi ƙyafta ko ya tada alama a dashbod, saboda kwamfutar motar tana ɗaukan ƙwan ya mutu.

Galibin fitilun da ake cewa sun mutu, ba ƙwai ne ya gaza ba. Fuskar fitilar yanzu roba ce, rana na cinye fentin kariyarta ta koma rawaya. A wanke ta da samfefa da ruwa, daga lamba 800 zuwa 1,500 zuwa 2,000 ko 3,000, a goge da man foli, sannan a fesa fentin kariya mai tare rana. Masu gogewa da man goge baki ko su tsallake fesawar, wata kaɗan rawayar ta dawo. Bayan haka mai waya ya sa mita a soket, inji na aiki. Batir ya kamata ya nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4, abin da ya iso soket kada ya yi ƙasa da haka da fiye da rabin volt. In ya yi, a bi wayar da ke kama jikin mota a kankare tsatsa, ko a sa rile, 'yar na'urar da ke kai wa fitila wuta kai tsaye daga batir. In kuwa altaneta na haura 15, shi ne ke ƙona maka ƙwai duk wata. Ƙarin wuta na kashi biyar cikin ɗari kawai yana rage wa halojin wajen rabin kwanansa.

Ƙwai mai wat 100/90 da direbobin turoturo, wato ƙananan bas na haya, ke so yana jan wajen amfiya takwas. Ciro soket ɗinsa ka gani: robar ta yi baƙi ta lanƙwashe, ƙafa ɗaya na rawa, madubin saman ƙwan ya ƙone ya daina ƙyalli. Shi madubi ba ya gyaruwa, sai sabon gida.

Wurin sayen gidan fitila na hom yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a kula. Tun 1974 Ghana ke tuƙi a hannun dama, don haka layin hasken dim ɗinmu yana ɗagawa ne ta dama, wajen gefen hanya. Fitilar da aka ciro daga motar Japan ko Ingila ta hagu take ɗagawa, kai tsaye cikin idon mai tahowa, kuma juya sukuru ba ya gyara ta. Motocin Amurka kuma lambar ƙwansu daban: Corolla ta 2009 zuwa 2013 tana ɗaukan 9006 a dim, 9005 a ful. Ka tafi da tsohon ƙwan a aljihu. Halojin a canza biyun tare, kuma kada yatsa ya taɓa gilashinsa, maiƙon hannu na sa shi kumbura ya fashe.

Ko wane ƙwai aka sa, kada ka biya sai an saita. A tsayar da mota a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, tayoyi da iska cikakkiya. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a bango daidai wannan tsayin. A kunna dim. Yankan hasken ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da layin, gwargwadon 1.0% ko 1.2% da ke rubuce a jikin fitilar. In yankan ya fito sak kamar an ja da rula, ƙwan ya dace da gidan. In abin da ke bango dunƙulen fari ne marar baki, a cire LED ɗin a mayar da halojin tun kafin ka bar garejin.