GitHub Copilot: hannunsa da sauri, amma sai ka bi bayansa

Rubuta manhaja ne aikina, galibi da harshen kwamfuta na Python, kuma a cikin VS Code, manhajar rubuta kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta), nake yini. A nan na saka Copilot, mataimakin rubuta kod mai ƙirƙirarriyar basira (AI) da kamfanin GitHub ya fara gwadawa a Yunin 2021, ya buɗe wa kowa a 2022. Da farko a kan Codex, wani tsarin AI na kamfanin OpenAI, aka ɗora shi. Tun Disamban 2024 akwai tsarin kyauta mai iyaka, don haka mai son ɗanɗanawa ba sai ya taɓa aljihu ba.

Kana cikin rubutu sai layuka toka-toka su ɓullo a gabanka. In sun yi maka ka danna Tab su zauna, in ba su yi ba ka ci gaba da naka su ɓace. Inda ya fi burge ni shi ne aikin maimaici mai gundura. Na rubuta bayani layi ɗaya cewa a buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin bayanai layi-layi, a zubar da duk layin da babu kwanan wata, kafin na ɗaga yatsa ya jero aikin gaba ɗaya, har da sunayen da na riga na raɗa wa abubuwa a saman fayil ɗin. Haka wajen gwaje-gwajen pytest, waɗanda ake duba ko kod na aiki daidai da su: ka rubuta na farko da hannunka, shi ya gane salonka ya ƙaraso sauran. Regex kuwa, salon alamomin neman kalmomi cikin rubutu, wanda ni dai ban taɓa haddace shi ba kuma ba ni da niyya, yanzu tambaya kawai nake yi.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk irin waɗannan mataimaka hasashen abin da ya fi kama da daidai suke yi, daga tarin kod ɗin da aka horar da su a kai. Shi ya sa kuskurensu ba ya kama da kuskure: tsaf yake fitowa, da tsari, da sunaye masu ma'ana. Kamar sabon yaron aiki ne mai zafin nama wanda bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Wani mataimakin daban da na gwada ya taɓa ba ni sunan laburare, wato ƙunshin kod da ake saukewa a yi aiki da shi, na leƙa PyPI, rumbun laburaren Python, na tarar babu shi sam. Wannan ba abin dariya ba ne, domin mugu na iya yin rajistar irin wannan sunan ya cusa cuta a ciki, ya jira wanda zai sauke ido rufe. Haka nan sukan kawo tsohon salon laburaren da tuni aka sauya, ko su liƙa abin da mai amfani ya shigar kai tsaye cikin umarnin SQL da ake aika wa rumbun bayanai, ƙofar da masu kutse suka fi so ke nan.

Akwai kuma batun lasisi. A Nuwamban 2022 an shigar da ƙara a Amurka kan horar da shi da kod ɗin jama'a, saboda haka mai aikin kamfani ya fara tambayar ƙa'idar wurin aikinsa.

Wanda ya iya karanta kod, ya san abin da yake nema, zai more shi ƙwarai. Ni kam ba zan cire shi ba. Mai koyo kuwa, shawarata ya kashe layukan toka-tokan nan, ya bar ɓangaren hira kaɗai, inda ake rubuta wa Copilot tambaya ya amsa, ya riƙa tambayarsa dalilin kuskure bayan ya yi nasa ƙoƙarin. Kalmomin sirri da makullan API, wato lambobin sirrin da manhaja ke shiga wata manhaja da su, kuma kada a manna masa su a hira ko da wasa.