Idan aiki ya ƙare: kwana nawa ke gare ka a Dubai, nawa a Saudiyya?

Ɗan'uwa ya yi tambaya cewa kwangilarsa a Dubai za ta ƙare ƙarshen wata, wansa kuma a Riyad kamfani ya sallame shi, shin su biyun kwana 60 ke gare su kafin su bar ƙasa? Malam, lissafin yakan zo ɗaya a baki, amma kwana 60 ɗinka da nasa ba aiki ɗaya suke yi ba.

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ranar da ka ajiye aiki ake fara ƙirga maka ba, sai ranar da aka soke bizar zama. Sokewar mataki biyu ce. Kamfani zai fara soke izinin aiki a ma'aikatar ƙwadago, wato MOHRE, a kawo maka takarda ka sa hannu. Daga nan a soke bizar a hukumar shige da fice: GDRFA idan a Dubai aka buga ta, ICP idan a Abu Dabi ne ko Sharja ko sauran masarautun. Wanda kamfaninsa ke yankin ciniki mai 'yanci, ta hukumar yankin ake bi. A da kowa kwana 30 yake samu. Tun Oktoban 2022 aka raba wa'adin aji-aji, 30, 60, 90 ko 180, gwargwadon irin bizar da matakin sana'ar da aka rubuta maka. Masu bizar zinare da koriyar biza, wato bizojin zama na dogon lokaci da ba kamfani ke ɗaukar nauyinsu ba, su ne 'yan 180. Kada ka ɗauki lissafin abokin ɗakinka, ka duba ranar ƙarshe a takardar sokewar ko a manhajar hukumar. A cikin wa'adin kana da damar neman wani aiki, sabon kamfani ya sauya maka matsayi kana cikin ƙasa. Da zarar ya wuce, tarar dirhami 50 ce kowace rana.

A Saudiyya agogo biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Na farko yana tashi ne ranar da mai aiki ya rufe kwangila a Qiwa, dandalin intanet na ma'aikatar ƙwadago: kwana 60 ma'aikaci ya koma wani kafili, wato mai aikin da zai ɗauki nauyin zamansa, ko ya nemi bizar fita ta ƙarshe. Idan bai yi ko ɗaya ba, sai a rubuta shi a matsayin wanda ya ƙaurace wa aiki, abin da aka fi sani da hurub, daga nan kuma hanya ta fara karkata zuwa tarhil, wato a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsa. Na biyu shi ne ita bizar fitar, huruj niha'i, da ake bugawa ta dandalin gwamnati na Absher ko Muqeem. Ita ma galibi kwana 60 ce, amma na haɗa kaya ne, ba na neman aiki ba. Wanda ya samu sabon kafili bayan an buga ta, sai an soke ta kafin a yi maganar canji. Wanda ya bari ta mutu bai fita ba bai soke ba, tarar riyal 1,000 na jiransa. To ka faɗa wa wanka: in yana son zama, ya nemi canjin kafili tun kafin a buga masa huruj.

Sai maganar kuɗin sallama, wadda a ganina ta fi yawan kwanakin muhimmanci. Takardar da ake kawo maka a Dubai tana ɗauke da shaidar cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka. Ka sa hannu kuɗi bai shiga ba, ka ɗaure kanka da igiyarka. Doka ta ba kamfani kwana 14 daga ƙarshen kwangila ya biya. Lissafin a kan tushen albashi ne kawai, ban da kuɗin gida da na mota: albashin kwana 21 kan kowace shekara a biyar ɗin farko, kwana 30 kan kowace shekara bayan nan, muddin ka cika shekara guda. Mai tushen albashi dirhami 3,000 da ya yi shekara 4 zai karɓi 8,400, ko shi ya ajiye aikin ko sallamarsa aka yi. A Saudiyya rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata bayan nan, amma ana duba wa ya yanke igiyar. Mai riyal 3,000 da shekara 4, in sallamarsa aka yi yana da 6,000. In shi ya yi murabus, kashi ɗaya cikin uku ne, 2,000. Murabus kafin shekara 2 kuwa ba ko riyal. Mai aiki yana da mako ɗaya ya biya in shi ya sallama, mako biyu in ma'aikaci ne ya tafi.

Abin da ke tsayar da mutum a bakin ƙofa ya ɗan bambanta. A Saudiyya ba a buga huruj da mota a sunanka ko tarar hanya da ba ka biya ba, sai ka sayar ka canja sunan mai ita tukuna. A Daular Larabawa iyali ne cikas: ba a soke bizarka sai an soke ta matarka da 'ya'yanka, ko an dakatar da tasu in kana komawa wani kamfani. Bashin banki kuma a ƙasashen biyu yana iya kaiwa kotu ta hana fita, a Daular Larabawa kuma tarar kwanaki na iya ci gaba da taruwa.

Duk wannan na ma'aikatan kamfani ne. 'Yan aikin gida da direbobin gida dokarsu daban ce a ƙasashen biyu, a Saudiyya ma harkarsu ta Musaned, dandalin 'yan aikin gida, take bi, ba Qiwa ba.