Minoksidil ko dashen gashi: wanne ya dace da macen da gefen goshinta ya cinye?

'Yar'uwa, kin ce gefen goshinki ya shekara uku da cinyewa har wurin ya yi sumul, sannan tun da kika haihu wata biyar da suka wuce gashin tsakar kai ma yake bin mataji. Kina tambaya ko ki fara shafa minoksidil, maganin zubar gashi, ko ki tara kuɗi ki je Istanbul a yi miki dashe.

Bisa bayaninki, matsala biyu ce a kai ɗaya. Zubar da ta biyo bayan haihuwa takan fara ne wata 2 zuwa 4 da sauka, kuma galibi takan tsaya da kanta kafin yaro ya shekara. Saiwar gashin na nan da ranta. Abin da ya kamata a nan shi ne gwajin jini, a duba ƙarancin sinadarin ayon (ƙarfe) da kuma aikin ƙwayar maƙoshi da ake kira tayrod, don su biyun kan ja zubar ta daɗe. Dashe ba shi da wani amfani a wannan. Gefen goshi kuwa lamarinsa daban, yawanci aikin kitso mai tsauri ne, da ƙarin gashi mai nauyi, da ɗaurin ɗankwali da ke goge wuri ɗaya kullum.

Bambancin magani da dashe yana wajen saiwa. Minoksidil yana farfaɗo da saiwar da ta raunana amma ba ta mutu ba. Dashe kuwa ciro saiwa mai rai ake yi daga ƙeya a dasa ta inda ta da ta mutu. Ki duba wurin a madubi cikin haske: in akwai ƙananan gashi masu laushi da ramukan fitowar gashi, akwai abin da magani zai kama. In fatar ta yi santsi tana sheƙi babu ko rami, tabo ya maye gurbin saiwar, kuma babu man kaɗanya, man darbejiya ko wani haɗi da zai dawo da ita. Likitan fata yana tantance wannan da madubin ƙara girma, in ya yi shakka ya yanki ɗan fata mai faɗin milimita 4 a gwada.

Minoksidil iri biyu mata ke amfani da shi: na ruwa mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, mililita 1 safe da yamma, ko na kumfa mai kashi 5, rabin murfi sau ɗaya a rana. A kan fatar kai busasshiya ake shafawa, ba a kan gashi ba, a bar shi ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali ko a kwanta. In ya gangaro fuska ko ya shafi matashin kai, gashi kan fito a kunci. A makonnin farko zubar takan ƙaru, nan ne mata da yawa ke tsorata su jefar da kwalbar, alhali tsohon gashi ne ke ba sabo wuri. Sai an yi wata 4 zuwa 6 ake ganin canji. In matsalar ta gado ce, daina shafawa na nufin gashin da aka samu zai sake zubewa cikin 'yan watanni. Ke da kike shayarwa kada ki fara shi sai likita ya amince, mai ciki kuma ba ta amfani da shi. Ƙwayar finasterayid da maza ke sha don sanƙo tana iya lahanta al'aurar ɗa namiji a ciki, don haka macen da ke haihuwa ta nisance ta.

Dashe tiyata ce ta awa 4 zuwa 8, da allurar kashe zafi a fatar kai, mutum na farke. Kowace saiwa da aka ciro tana ɗauke da gashi 1 zuwa 4, akan dasa kamar 30 zuwa 40 a kowane murabba'in santimita. Ke nan wuri mai murabba'in santimita 30 zai ci saiwa wajen 1,000. Abin da aka ɗebe daga ƙeya ba ya sake tsirowa a can, shi ya sa likitan kirki yake fara auna kaurin ƙeyar kafin ya yi maganar kuɗi.

Hanyar cirowa biyu ce. A FUT ana yanke siririn zirin fata daga ƙeya, a ɗinke, a rarraba saiwoyin a ƙarƙashin madubi. Ba sai an aske kai ba, ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, amma tabo mai layi zai zauna, gashi ne ke rufe shi. A FUE ana ciro saiwa ɗaya bayan ɗaya da bututu mai bakin kusan milimita 1, tabon ɗigo-ɗigo ne, sai dai yawanci sai an aske wurin ɗiba. Talla ta fi yawa a kan FUE, amma ga mai gashi irin namu akwai abin lura. Gashinmu ba a waje kaɗai ya nannaɗe ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take a cikin fata, miƙaƙƙen bututu kuma yakan datse ta. Hannun da bai saba da shi ba zai ɓarnatar da saiwoyi masu yawa. A ganinmu, macen da ke barin gashinta da tsawo ba ta da dalilin gudun FUT. Ki nemi a nuna miki hotunan mata baƙar fata da aka yi wa aiki shekara guda baya, ki kuma tambayi wanda zai riƙe kayan aikin da hannunsa, don a wasu asibitocin likita zanen goshi kawai yake yi ya bar wa ma'aikata sauran.

In hujin kunne ko wani rauni ya taɓa bar miki tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, ki faɗa tun farko, a yi gwajin 'yan saiwoyi kaɗan a jira watanni. Haka in tsakar kan na ƙaiƙayi, zafi ko taushi yana kuma faɗaɗa a zagaye, a bincika cutar CCCA, mai kashe saiwar gashi ta bar tabo, wadda ta fi kama mata 'yan asalin Afirka. Dashe a kan fatar da cutar ke ci asarar saiwa ce. Sai an kwantar da ita da allurar siteroyid a fata ko ƙwayoyi, ta lafa aƙalla shekara guda.

Bayan aiki ɓawo kan fito ya faɗi cikin kwana 10, ba a sosa wurin ko a matse shi da ɗankwali. Daga mako na 2 zuwa na 8 gashin da aka dasa zai zube, saiwar ta zauna. Sabon tsiro na farawa a wata na 3 zuwa na 4, cikar sakamako sai wata 12 zuwa 18. Tsohon gashin da ke kewaye ma kan zube na ɗan lokaci.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta halatta dashen gashi ga wanda nasa ya zube, musamman mace, a zamanta na 2007 a Malesiya.

Don haka ga jerin da muke ba ki shawara. Ki kwance duk kitson da ke ja. In kika tashi daga gaban makitsiya da ciwon kai ko ƙuraje a goshi, ya yi tsauri. Ki yi gwajin jini, likitan fata ya duba gefen goshi da tsakar kai daban-daban. Bayan yaye ki gwada minoksidil wata 6 zuwa 12. Wurin da ya ƙi tsirowa bayan haka shi ne na dashe, kuma macen da kitso ya cinye wa goshi amma ƙeyarta na da kauri tana cikin waɗanda aikin ya fi yi wa kyau. Saiwar da aka dasa ma za ta mutu in aka koma ja mata da kitso kamar da.