Mishmish ɗin Hajiya ta Alabar

Ana saura kwana uku azumi na gangara Alabar, unguwar kasuwa a Kumasi, neman dabino, a shagon wata Hajiya mai zuwa Dubai sari. Shagon ɗan tsukut ne, in mutum biyu suka shiga na ukun sai ya tsaya bakin kwata, amma kaya maƙil: zabibi, habbatus sauda, man zaitun, turaren wuta. A kan kanta na hangi wani busasshen ɗan itace, ƙasa-ƙasa, duk ya yamutse. Ta miƙo mini ɗaya.

"Malam, ɗanɗana. Mishmish ne, na Turkiyya."

Zaƙinsa bai kai na dabino ba, sai dai yana da ɗan tsami a ƙarshe irin na tsamiyar da ta nuna sosai, ga danƙo a haƙori. Na leƙa kwalin da ke ƙarƙashin kanta. Rubutu ne da baƙaƙen Rasha, a ƙasansa kuma da boko: Isfara, Tajikistan. Mutumin da ya tsufa yana koyar da labarin ƙasa a Kumasi bakinsa ba ya iya shiru a nan.

"Hajiya, ai wannan ya fi Turkiyya nisa."

Ta ce ita dai sidi 90 take sayar da rabin kilo, ko daga wata ya faɗo.

Kuɗin da ciwo, amma ban ga laifinta ba. Tajikistan ba ta da teku ko taku ɗaya. Afghanistan, Uzbekistan, Kirgistan da Sin ne suka sa ta tsakiya. Mu da muke kwana muna jin gurnanin tirelolin Burkina da Mali suna haurowa daga tashar jiragen ruwa ta Tema mun san wahalar ƙasar da sai ta ratsa gidan maƙwabci kafin kayanta su ga jirgin ruwa. Su kuma ga duwatsu a kai: kusan kashi 93 cikin ɗari na ƙasar tsaunuka ne. Dutsen Afadjato ɗinmu na Ghana da muke kai yara yawon buɗe ido bai cika mita 900 ba, ƙololuwar Ismoili Somoni a tsaunukan Pamir kuwa mita 7,495 ce. Ɗan filin noman da ya rage yana cikin kwaruruka, kuma Isfara na can arewa, a gefen kwarin Fergana, inda aka san su da gonakin mishmish.

Hajiya ta tsaya da awo ta ce, "To Musulmi ne?"

Na ce galibinsu. Yarensu ɗan'uwan Farisanci ne, kuɗinsu ma, somoni, sunan Isma'il Samani aka ba shi, sarkin da ya yi mulki daga Buhara sama da shekara dubu da suka wuce. Buharar Imamu Buhari fa, mai Sahihi. Nan ta ajiye ludayin awo. Sai dai da Tarayyar Sobiyet ta shata iyakoki a 1924, Buhara da Samarƙand suka faɗa Uzbekistan, Tajikawa suka tashi da wani ƙauye mai kasuwar Litinin a matsayin babban birni. Dushanbe ke nan, ma'anar sunan ma Litinin ce. Sun sami 'yanci a 1991, yaƙin basasa ya ci su daga 1992 zuwa 1997, har yau samarinsu da yawa ci-rani suke tafiya Rasha.

Na sayi rabin kilo. Maiɗakina ta jiƙa kaɗan a ruwan ɗumi ya kwana, da sahur muka zuba a koko, jikokina suka cinye sauran kafin goma ga wata. Duhun launinsa kada ya tsorata kowa: mai ruwan lemo mai sheƙi, hayaƙin farar wuta ake yi masa don kada ya dafe.

Ƙorafina na zuwa na biyu ne. Hajiya ba ta nan, yaron shago ya ɗebo mini daga gindin kwali ya ƙulla a farar leda, ba kwanan wata, ba komai. A gida na tarar da yashi, da tsakuwa guda da ta kusa raba ni da turmin haƙorina, biyu kuma ƙwari sun riga ni. Zafin Kumasi da laimarta ba irin iskar dutse ba ne, kaya irin wannan a buɗaɗɗen kwali ba zai yi ƙarko ba. Da na koma na faɗa mata ba ta yi musu ba, ta sake mini, ta ƙara da ɗan zabibi, ta ce za ta sayo robobi masu murfi.

Wanda zai je ya je da safe lokacin tana nan, ya ce a ɗebo masa daga sama, ya wanke kafin ya ci. Ni na ce ta ajiye mini kilo guda na Babbar Sallah, kwalin kuma na karɓo, yana kan teburina kusa da tsohuwar taswirata wadda har yanzu Tarayyar Sobiyet ce a jikinta.