Bitar ƙwayar capecitabine: kemo a gida bayan tiyatar sankarar hanji

Idan aka yanke ɓangaren babban hanji mai sankara, sannan gwaji ya nuna cutar ta kai ga kaluluwar da ke kewaye da shi, wato mataki na 3, tiyata kaɗai ba ta isa. Ana bin ta da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, kuma an fi so a fara cikin mako 6 zuwa 8 bayan tiyatar. Haɗin magunguna iri biyu aka fi amfani da su: FOLFOX da CAPOX. FOLFOX duka ta jijiya ake ba da shi, kowane kwana 14, majiyyaci ya yini ya kwana da ɗan famfo yana ɗiga masa magani har awa 46. CAPOX kuwa ƙarin ruwa ne sau ɗaya a mako uku, na maganin oxaliplatin, sauran aikin ƙwayar capecitabine ce ake sha a gida. Kamfanin Roche ne ya fara fito da ita da sunan Xeloda, Amurka ta amince da ita don irin wannan aikin a 2005, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin ta a farashi mai sauƙi.

Ga wanda gidansa ke nesa da asibitin koyarwa, ƙwayar ta fi. Zirga-zirga ta ragu, kuɗin mota ya ragu, babu famfo. Sai dai aikin da ma'aikaciyar jinya za ta yi ya dawo kan majiyyaci da mai jinyarsa, kuma nan ne ake yawan samun tangarɗa.

Ƙwayar tana zuwa 500mg da 150mg. Likita yana lissafa adadin ne da tsawo da nauyin mutum: a CAPOX, 1,000mg ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, safe da dare. Mai matsakaicin jiki yakan faɗa kan ƙwaya uku ta 500mg da safe, uku da dare, kwana 14 a jere, sai hutun kwana 7. Ƙwaya 84 ke nan a zagaye ɗaya, don haka kwali mai 120 ba ya kai zagaye biyu. A yi tanadin na gaba tun kafin ya ƙare. Ana haɗiye ta da ruwa cikin minti 30 bayan cin abinci, ba a tauna ta, ba a daka ta. Wanda ya manta bai sha ba kada ya ninka a gaba. Hutun kwana bakwai ɗin ma cikin maganin yake, domin a lokacin ne ɓargo da fatar hanji suke farfaɗowa. Ba a ajiye ta a wurin da zafi ya wuce digiri 30, abin da ke da wuya a ɗakin kwano lokacin bazara. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalin.

Babban aibinta yana tafin hannu da tafin ƙafa. Littattafan Turai sun ce wurin yana yin ja, amma a fatarmu baƙi yake ƙarawa, shi ya sa ake makara kafin a gane. Da farko zafi-zafi ne da ƙaiƙayi, daga baya fata ta tsage ta riƙa saluɓewa. Man shafawa mai yuriya tun daga ranar farko yana taimakawa, haka guje wa ruwan zafi, daka, wanki mai yawa da takalmi mai matsi. Wasu har zanen yatsunsu yake gogewa na ɗan lokaci, na'urar banki ta ƙi karɓar ɗan yatsa.

Zawo ya fi wannan haɗari. A dakatar da ƙwayar a kira likita idan bayan gida ya ƙaru da sau huɗu a rana kan yadda aka saba ko yana tayar da mutum cikin dare, idan amai ya wuce sau ɗaya a yini, baki ya yi gyambo, zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ƙirji ya riƙe. Jurewa a nan ba jarumta ba ce: rage adadin ba ya lalata aikin, ƙarewar ruwa a jiki kuwa yana taɓa ƙoda. Akwai 'yan tsiraru da jikinsu ba shi da isasshen sinadarin DPD mai narkar da maganin, su tun zagayen farko abin yake tsananta. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ba a ba shi ita sam. Tana ƙara wa warfarin, maganin hana daskarewar jini, ƙarfi har a yi zubar jini, kuma maganin ƙarin jini mai folik asid, irin wanda 'yan dubiya suke kawowa, yana ƙara mata guba. Batun azumi a tattauna da likita tun kafin watan ya kama.

Mutuwar yatsu da jin kamar lantarki in an taɓa ruwan sanyi laifin oxaliplatin ne, kuma taruwa yake yi zagaye bayan zagaye. Binciken IDEA da aka buga a 2018 ya nuna cewa wanda ƙarin sankararsa bai huda bangon hanji ba, kaluluwar da ta kamu kuma ba ta wuce uku ba, wata 3 na CAPOX, zagaye huɗu, kusan daidai yake da wata 6, lalacewar jijiya kuma ta ragu ƙwarai. Ya kamata majiyyaci ya tambayi a wane rukuni yake.

Ƙarewar ƙwaya ba sallama ba ce, domin cutar ta fi dawowa cikin shekara uku na farko, galibi a hanta ko huhu. Ana gwajin jini na CEA, sinadarin da kan hau idan cutar ta dawo, kowane wata 3 zuwa 6 har shekara biyu, sannan kowane wata 6 har a cika biyar. Hoton CT na ƙirji da ciki kowane wata 6 zuwa 12. Duba hanji da na'ura mai kyamara bayan shekara ɗaya, in lafiya sai bayan uku, sannan bayan biyar. Amma idan toshewa ta hana a duba hanjin duka kafin tiyata, cikin wata 3 zuwa 6 bayan tiyatar za a yi. Shan taba yana ɗaga CEA, don haka in ya hau kaɗan sau ɗaya, maimaita gwajin ake fara yi, kuma a ɗakin gwaji ɗaya da na baya don a iya kwatanta lambobin.